Neman Ƙarfin Zuciya a Legas: Tambayoyin Masu Bi 'Yan Arewa da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa bayan an tashi daga sujada, ko a zumuntar mata, ko a bakin get inda maigadi yake kwana a zaune. Masu yin su 'yan'uwa ne da neman abinci ya kawo su Legas daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa, Taraba, Kudancin Borno, ƙasar Tangale da Zuru, da kuma Hausawa masu bi daga Kano, Katsina da Zariya. Ayoyin da ke nan ma'anarsu muka kawo a taƙaice. Ka buɗe naka Littafin ka karanta su da idonka.

Ina fita ƙarfe huɗu na asuba, ba na dawowa sai dare ya raba. Yaushe zan karanta Littafi Mai Tsarki?

Minti goma ya isa, muddin kowace rana ce. Abin da ke kayar da yawancin mutane shi ne ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin wuyansu. Littafin yana da sura 1,189, kuma wanda yake so ya sauke shi cikin shekara ɗaya sai ya karanta fiye da sura uku kullum. Mutum ya fara da Farawa a watan Janairu da zafinsa, ya shiga Littafin Firistoci ya tarar da dokokin hadaya, ya tsallake kwana biyar, kunya ta kama shi, ya rufe Littafin sai wata shekara.

Fara da Markus. Sura 16 ce, rabin sura a rana zai kai ka ƙarshenta cikin wata guda da 'yan kwanaki. In ƙafarka ta zauna, ga wani lissafi mai daɗi: Sabon Alkawari sura 260 ne, ranakun Litinin zuwa Juma'a a mako 52 su ma 260 ne. Sura ɗaya kowace ranar aiki, Asabar kuma ta rama abin da ya kuɓuce.

Ka ɗaura karatun a jikin wani abin da ba ka fashinsa, kamar shan shayin safe ko zaman jiran mota ta cika. Mai shiga danfo ko BRT zai iya sauke karatun murya na Hausa a waya tun daga gida, ya saurara a cikin cunkoso, wayar tana aljihu, ba a bakin taga ba. Maigadi ya yi nasa da farkon dare, tun barci bai fara fizgarsa ba. 'Yar aikin da ba ta da ɗakin kanta ta rubuta aya ɗaya a takarda ranar Lahadi, ta riƙa maimaita ta a bakin wanke-wanke har ta zauna. Bayan kowane karatu ka tambayi kanka abu biyu: me wannan wuri ya nuna mini game da Allah, kuma me zan yi da shi yau?

Wace fassarar Hausa ce ta fi?

Wadda kake ganewa. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fara fitowa da Hausa a 1932, aka yi sabuwar fassara a 1979, bayansu kuma an yi wasu masu sauƙin Hausa. Shi ya sa za ka ji wani ya ce Matta da Yohanna, wani ya ce Matiyu da Yahaya, wani Ru'ya ta Yohanna, wani Wahayin Yahaya. Littattafan ɗaya ne. Hedkwatar Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya tana Apapa, manhajar YouVersion ma tana da Hausa kyauta. Shawara ɗaya: in hadda za ka yi, ka tsaya a fassara guda, don gauraya su kan rikita harshe.

Wasu suna kwana da Zabura 91 a buɗe ƙarƙashin matashi, wasu suna buɗe Littafin duk inda ya faɗa su ce saƙonsu ke nan. Daidai ne?

Littafi Mai Tsarki ba laya ba ne. Takarda da tawada ba sa tsare kowa, Ubangijin da Zabura take magana a kansa shi ne mai tsaro. Ka lura da kyau: Zabura 91 ɗin nan ita ce Shaiɗan ya jawo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya yi tsalle mala'iku za su tare shi (Matiyu 4:5-7). Ashe ana iya riƙe aya ta gaskiya a yi mata mugun amfani.

Maganin wannan shi ne karanta abin da ke gaban aya da abin da ke bayanta, ko da aya biyar-biyar ne. Ɗauki Filibiyawa 4:13, wadda ake mannawa a gilashin mota, mai cewa ina iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni. Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma a aya ta 11 da ta 12 ya faɗi abin da yake nufi da "kome": ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. Alkawarin jurewa ne, ba na samun duk abin da rai ke so ba.

Haka Irmiya 29:11, mai maganar nufin alheri da bege. Wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta gaya musu sai an shekara 70. Kafin nan, a aya ta 5 zuwa ta 7, an ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunta, su yi masa addu'a. Wanda ya bar gonar ubansa ya zo yana dako a kasuwar Mile 12 zai sami abin riƙewa a cikin wannan sura fiye da wanda aya ɗaya kawai ya sani.

Na yi addu'a, na yi azumi, na je kwanan addu'a, shiru. Ko Allah ya yashe ni ne?

Ɗan'uwa, ba kai ne farkon mai wannan tambaya ba, kuma yin ta ba saɓo ba ne. Dawuda ya ce "har yaushe" sau huɗu a cikin ayoyi biyu na farkon Zabura 13. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko ayar farin ciki a ƙarshenta, amma aka bar ta cikin Littafin. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-10). Yesu da kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma sha shi.

In baki ya yi nauyi, bi sawun Zabura 13, aya shida ce kacal. Da farko ka faɗa wa Allah abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya ba tare da ado ba: an kama babur ɗina, yarona ba shi da lafiya, na gaji. Sai ka roƙi abu takamaimai. Daga nan ka tuna wani alheri guda da ya taɓa yi maka, ka ambace shi da sunansa. Kada ka yi tsalle zuwa godiya tun ba ka yi kukan ba, domin godiyar da aka ɗora a kan ɓoyayyen ɓacin rai ba ta daɗewa. Ranar da ko wannan ya gagara, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Zama shiru a gaban Ubangiji ma addu'a ce.

Akwai abin tunawa a nan Legas ɗin. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a wannan gari da niyyar kai bishara Arewa. Cikin 1894 Gowans da Kent suka rasu. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, kuma daga wannan aiki ikkilisiyar ECWA ta fito. Biyu daga cikin ukun ba su ga ko mai tuba ɗaya ba. Ba kowane mai shuka ne ake ba shi ganin girbi ba, wannan kuwa magana ce mai ɗaci da ba za mu rufe ta da zuma ba.

An ce mini ruwa ba ya tsami banza, wai zunubina ne ko asiri daga ƙauye.

Almajirai sun yi wa Yesu irin wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho: shi ne ya yi zunubi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba su ba (Yahaya 9:1-3). Da ya ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba (Luka 13:4-5). Abokan Ayuba sun yi abin da ya dace a kwana bakwai ɗin da suka zauna da shi shiru cikin wahalarsa. Da suka buɗe baki suna laluben laifinsa sai suka ɓata, har Allah ya tsawata musu a sura ta 42.

Gaskiya ne wata wahalar hannun mutum ne ya jawo ta. In albashi yana ƙarewa a cacar ƙwallo ko a mashaya, ba sai an nemi maye ba. Wannan tuba yake so, da mutum ɗaya amintacce da zai riƙa tambayarka ina kuɗin suka shiga. Amma duk wanda ya ce maka mahaifiyarka ko gwaggonka ce ta ɗaure ka, ka yi nesa da shi. Irin wannan "wahayi" ya raba gidaje da yawa, ya jawo wa tsofaffin da ba su ji ba su gani ba wulaƙanci, mai matsalar kuma yana nan da matsalarsa.

Wani mai wa'azi ya ce in kawo kuɗin "iri" kafin ƙofata ta buɗe.

Kada ka kai. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce shi da kuɗinsa su hallaka (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Elisha ya ƙi karɓar kome daga hannun Na'aman bayan ya warke, baransa Gehazi da ya bi baya ya karɓa kuwa ya kwashi kuturta (2 Sarakuna 5). Baiko abu ne na yardar rai, ba na dole ba (2 Korantiyawa 9:7). In an yanka wa addu'a farashi, ko ana sayar maka da mai ko ruwa, ko an ce kada ka gaya wa matarka ko fastonka, ko an ba ka wa'adin kwana uku da barazana, to kasuwa ka shiga.

Bashi ya yi mini katutu, mai gida kuma yana barazanar watso mini kaya waje.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ajiye kunya mu yi lissafi. A 2 Sarakuna 4:1-7 wata gwauruwa ta zo wurin Elisha, mai binta bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Tambayar da ya yi mata ita ce me take da shi a gida. Ta ce ɗan mai kaɗan. Ya aike ta aron tandaye wurin maƙwabta, da man ya yalwata kuma ya ce ta sayar, ta biya bashin, su ci sauran. Al'ajibi ya faru, amma akwai ƙirga abin da ke hannu, akwai neman taimakon maƙwabta, akwai ciniki, akwai biya.

Ɗauki takarda ka rubuta kowane bashi: na wa, nawa, ruwan da yake hawa, da ranar biya. Yawancin masu bashi ba su san jimillarsa ba, tsoron abin da ba a ƙirga ba kuwa ya fi na wanda aka ƙirga. Fara kashe wanda ruwansa ya fi gudu, galibi na manhajojin bashi na waya. Kuskuren da ya fi halaka mutane shi ne cin bashi a manhaja ta biyu don a biya ta farko. Ramin ƙara zurfi yake yi, kuma wasunsu sukan bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka. Je wurin masu binka tun ba su zo ba, ka faɗi abin da za ka iya bayarwa kowane wata, ko kaɗan ne, ka kuma cika. Kada ka tsaya wa kowa lamuni a wannan hali. Karin Magana 22:26-27 ta ce har gadon da kake kwance a kai za a iya ɗaukewa. Ka gaya wa dattijo ɗaya a ikkilisiya. Ba roƙo ba ne, Galatiyawa 6:2 ce ta ce mu ɗauki nauyin juna.

Game da mai gida, dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ce, in yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan wata-wata ana ba shi sanarwar wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara kuma wata shida, sannan kotu ce ke ba da izinin fitarwa. Cire ƙofa ko kwano, ko fitar da mutum da ƙarfi, laifi ne. Dokar ba ta shafi Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island ba, kuma tara bashin haya mai yawa yana raunana matsayinka. Ajiye kowane rasit. Cibiyar sasanci ta Ma'aikatar Shari'a ta jihar, wadda aka fi sani da CMC, tana zama tsakanin mai gida da ɗan haya kyauta. Neman haƙƙi ta hanyar doka ba rashin bangaskiya ba ne: Bulus ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a yi wa ɗan ƙasar Roma bulala ba tare da shari'a ba (Ayyukan Manzanni 22:25).

'Yan gida suna ganin duk wanda ke Legas mai kuɗi ne. Na kasa cewa babu.

1 Timoti 5:8 ta ɗora maka kula da danginka, musamman iyalin gidanka. Amma 2 Korantiyawa 8:12-13 ta ce ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba don wasu su huta kai ka ƙuntata ba. Yanke adadin da za ka iya duk wata, ka sanar da Baba da Mama, ka tura a rana ɗaya sananniya ta hannun mutum ɗaya. Lokacin taki da kuɗin makaranta ba sa zuwa ba zato, a riƙa ware musu tun da wuri, ko ta adashi. Ka kuma gaya musu gaskiyar kuɗin ɗakinka da na mota. Hoton da kake turawa da kayan Lahadi shi ne suke yi wa lissafi.

Zuwa asibiti ko shan magani ba raunin bangaskiya ba ne?

A'a. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14), ya kuma bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Allah ya yi wa Hezekiya alkawarin warkewa, duk da haka Ishaya ya sa a manna masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:7). Kira dattawa su yi maka addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ta ce, ka kuma sha maganinka.

Inda ake yin asara shi ne dakatar da magani bayan an ba da shaida a coci. Hawan jini sau da yawa ba ya sa a ji wani zafi kafin ya shanye rabin jiki. Maganin tarin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shansa aƙalla wata shida, wanda ya yanke a tsakiya don ya ji sauƙi yakan dawo da ciwon da ya fi wuyar magani. In ka gaskata ka warke, je likita ya gwada ya tabbatar. Mai ciwon suga, mai olsa, mai juna biyu da mai shayarwa kada su shiga azumin ƙin ci da sha sai da shawarar likita.

Ba na barci, ba na jin daɗin kome, wani lokaci ina jin gara in mutu.

Mun ji ka, kuma ba mu ɗauki wannan da wasa ba. Annabi Iliya ya zauna a gindin wani itace a jeji ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19). Dubi yadda Allah ya bi da shi. Bai fara da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Bayan haka ne ya saurari kukansa, ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma haɗa shi da Elisha. Barci, abinci, mai saurare, abokin tafiya.

In wannan hali ya wuce mako biyu, ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma yana da magani kamar kowane ciwo. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Zuwa can ba ya nufin hauka. In tunanin kashe kai ya zo, gaya wa mutum ɗaya yau, kada ka kwana kai kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakin. Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767. Ku kuma 'yan'uwa da aka gaya wa, kada ku ce "mai bi ba ya irin wannan magana". Ku zauna da shi, ku raka shi asibiti.

An kai hari garinmu, an kashe nawa, ban ma sami zuwa jana'iza ba. Zuciyata cike take da fushi.

Yi kukanka. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi. 1 Tasalonikawa 4:13 ba ta hana baƙin ciki ba, ta ce kada ya zama irin na marasa bege. Roƙi fastonka a yi sujadar tunawa a nan, ko a ɗaki ne da mutum goma, a ambaci sunayensu, a yi waƙoƙin da aka saba yi a gida. Makokin da ba a yi ba yakan zauna a ƙirji shekaru. Daina kallon hotunan gawarwaki da ake yaɗawa a WhatsApp, suna sabunta rauni ne kawai.

Fushin kuwa ka kai shi inda Zabura 10 da 94 suka kai nasu, gaban Mai Shari'a. Romawa 12:19 ta ce ramuwa tasa ce. Gafara ba ta nufin abin da aka yi ba kome ba ne, ba ta kuma hana neman hukuma ta yi aikinta. Tana nufin ka sauke wuƙar daga hannunka, kuma sau da yawa sai an yi ta maimaitawa. Mai shayin unguwarku a Agege, da wanda kuke dako tare, ba su ne suka kai harin ba. Da yawansu su ma gudun irin wannan wuta ne ya kawo su Legas.

Mijina yana dukana. An ce in yi haƙuri, wai gicciyena ke nan.

'Yar'uwa, duka ba gicciye ba ne, zunubin mai dukan ne. Kolosiyawa 3:19 ta hana maza tsananta wa matansu, Afisawa 5:28-29 ta ce miji ya kula da matarsa kamar jikinsa. Dawuda ya kauce wa mashin Saul ya gudu, ba a kira shi marar bangaskiya ba. Ki gaya wa shugabar zumuntar mata ko matar fasto. Ki ajiye katin shaidarki, takardun yara da ɗan kuɗi a wurin wadda kika amince da ita. In an ji miki rauni ki je asibiti a rubuta. Jihar Legas tana da hukumar yaƙi da cin zarafi a gida, DSVA. Maganar sulhu tana zuwa ne bayan ke da yara kun tsira, kuma bayan an ga canji na gaske, ba hawayen kwana ɗaya ba.

Ina zan sami sujada da Hausa a Legas? Kuma aikina ba ya barina fita ranar Lahadi.

ECWA, COCIN da EYN suna da majami'u a Legas, kuma inda 'yan Arewa suka yi yawa, musamman kewayen barikokin soja da na 'yan sanda, akan sami sujadar Hausa ko zumunta da Hausa. Tambayi 'yan garinku a tasha ko a kasuwa. In za ka taso daga gida, karɓo takardar shaida daga fastonka, tana sa a karɓe ka da sauri a san da zamanka tun kafin wata matsala ta taso.

In aiki ya hana ka Lahadi, nemi alfarmar Lahadi ɗaya ko biyu a wata tun ranar da ake yin cinikin albashi, domin ya fi wuya a roƙa daga baya. Masu gadi a layi ɗaya sukan iya karɓar wa juna. Sauran makonnin ku haɗu ku biyu ko uku a lokacin da kuke da sarari, ko Talata da rana ce: waƙa ɗaya, sura ɗaya, kowa ya faɗi abu guda da za a yi masa addu'a, minti ashirin. Ku ba wani dattijon ikkilisiya lambobinku da kwatancen inda kuke aiki, don a riƙa leƙo ku, a kuma san inda za a neme ku in an ji shiru.